Saye Ko Haya? Matsayin Doka Kan Ɗora Babbar Manhajar Wani Kamfani a Kan Kwamfutar Wani



Gabatarwa

Batun wannan lacca tambaya ce guda ɗaya, wadda ta yi shekara arba'in da 'yan kai tana kai da komo a kotunan Amurka da na Turai. Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi kwamfuta daga wani kamfani, ya kuma sa kuɗinsa ya sayi babbar manhajar wani kamfani dabam. Shin doka ta yarje masa ya ɗora wannan a kan waccan, alhali mai manhajar ya ce bai yarda ba? Hankali zai ce abin da mutum ya saya nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. To, amma shari'a ta tsaya a kan kalmar "saya" ɗin nan, ta tambaya ko da gaske an yi cinikin.

Kowace kwamfuta abu biyu ce a haɗe. Akwai gangar jiki, watau ƙarfe da wayoyi da ƙwaƙwalwa, akwai kuma manhaja, watau jerin umurnin da ke sarrafa su. Daga cikin manhajoji akwai babba, wadda ke tashi da na'urar, ta raba wa ƙanana wuri da lokaci, ta sadar da su da allo da madannai. Kamfanin Microsoft yana sayar da izinin Windows ga duk maƙerin da ya biya. Linux kuwa an sake ta ga kowa. Amma kamfanin Apple ya rubuta a yarjejeniyarsa cewa ba a ɗora macOS sai a kan kwamfutar da ke ɗauke da tambarinsa. Nan ne gardamar ta fi zafi.

Asalin Gardamar

A farkon zamanin kwamfuta ba a raba ƙarfe da manhaja wajen ciniki. Kamfanin IBM yakan ba da su a dunƙule, har zuwa 1969, shekarar da gwamnatin Amurka ta kai shi ƙara bisa zargin babakere, shi kuma ya fara sa wa yawancin manhajojinsa farashi na dabam. Daga nan manhaja ta zama haja mai zaman kanta. A 1980 Majalisar Dokokin Amurka ta gyara dokar haƙƙin mallaka ta ambaci manhaja ƙarara, aka ba ta irin kariyar da ake ba littafi.

Shari'u biyu na farkon shekarun 1980 su ne suka shata iyakar fili. Ta farko tsakanin Apple ce da kamfanin Franklin, wanda ya ƙera kwaikwayon kwamfutar Apple II, ya kwafi manhajoji 14 na Apple ya zuba a ciki. Franklin bai musa kwafin ba. Hujjarsa ita ce babbar manhaja da aka dasa a cikin ƙwaƙwalwar na'ura sashen inji ce, don haka dokar marubuta ba ta hau kanta ba. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi wannan hujja, ta ce manhaja rubutu ce, ko a takarda take ko a cikin ƙarfe.

Ta biyu kuwa ta juya ne ta ɗaya ɓangaren. Kamfanin Data General ya ƙi ba da izinin babbar manhajarsa mai suna RDOS sai ga wanda ya sayi na'urarsa ta NOVA. Masu ƙera na'urori masu kama da NOVA, irin su Digidyne, suka kai ƙara. A 1984 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan ɗaurin haja biyu ne da dokar hana babakere ta haramta, domin an yi amfani da ƙarfin manhaja an tilasta wa jama'a sayen ƙarfe. Ke nan a wancan lokaci kwafin manhaja laifi ne, ɗaure ta da na'ura ɗaya ma yana iya zama laifi.

A cikin shekarun nan ne kuma aka ga hanya ta uku. Da IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, Microsoft ya riƙe ikon sayar da babbar manhajarta ga wasu maƙera. Abin da ya rage na IBM shi kaɗai shi ne 'yar manhajar da ke tayar da na'urar. Sai kamfanoni irin su Compaq da Phoenix suka sa wasu injiniyoyi su bayyana aikin da take yi, wasu dabam kuma, waɗanda ba su taɓa ganin rubutun IBM ba, su rubuta sabuwa daga wannan bayani. Dokar haƙƙin mallaka tana kare lafazi ne, ba ta kare ma'ana, saboda haka wannan dabara ta tsira. Ita ce ta haifi kasuwar kwamfutocin da suka cika ofisoshin duniya.

Shari'ar Apple da Psystar

Apple ya taɓa gwada hanyar Microsoft. Daga 1995 zuwa 1997 ya ba wasu kamfanoni izinin ƙera kwamfutoci masu aiki da manhajarsa, sai suka riƙa cinye masa kasuwa. Da Steve Jobs ya koma kamfanin ya rufe wannan ƙofa, har Apple ya biya dala miliyan 100 a 1997 ya karɓe harkar daga hannun Power Computing. Dalili a fili yake: ribar Apple daga ƙarfe take fitowa, manhaja kuwa ita ce ke jawo mai saye zuwa ga ƙarfen.

Shekaru da dama bambancin ƙwaƙwalwa ya wadatar wajen tsare manhajar. Amma a 2005 Apple ya ba da sanarwar komawa ga ƙwaƙwalwar Intel, a 2006 ya fara sayar da irin waɗannan kwamfutoci. Daga nan cikin kwamfutar Apple da na sauran ya zama kusan ɗaya. Masu sha'awar abin suka gano yadda za a ɗora manhajar a kan kwamfuta gama-gari, suka laƙaba wa irin wannan haɗi suna Hackintosh.

A watan Afrilu na 2008 wani ƙaramin kamfani a birnin Mayami na Jihar Filorida, mai suna Psystar, ya mai da abin sana'a. Ya riƙa sayar da kwamfuta a kan dala 399, ga wanda ya ƙara kuɗi kuma a ɗora masa manhajar Apple, a haɗa masa da faifanta na asali, wanda Apple ke sayarwa dala 129. A watan Yuli na shekarar Apple ya kai ƙara a kotun tarayya da ke arewacin Kalifoniya, gaban Mai Shari'a William Alsup.

Psystar ya fara da makamin Digidyne, ya ce Apple yana babakere. A watan Nuwamba na 2008 alƙali ya yi watsi da wannan. Tun a 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta ce mallakar haƙƙin ƙirƙira kaɗai ba ta nuna cewa kamfani ya danne kasuwa, sai an kawo hujja. Manhajar Apple kuwa ba kasuwa ce mai zaman kanta ba, tana gogayya da Windows da sauransu, wanda bai so sharaɗin Apple ba yana da inda zai koma.

A watan Nuwamba na 2009 aka yanke hukunci a kan ainihin ƙarar, kuma yadda Psystar ke gudanar da aikinsa shi ne ya kayar da shi. Ba daga faifan da aka haɗa wa mai saye ake ɗora manhajar ba. An ɗora ta sau ɗaya, aka canza sashen da ke tayar da ita, aka ƙara wasu sassa, sannan aka riƙa kwafar wannan gyararren kwafi zuwa kowace na'ura. Kotu ta ce an yi kwafi ba izini, an yi gyara ba izini, an kuma rarraba ba izini. Bugu da ƙari, Apple ya kulle wasu sassan manhajar da makullin sirri, Psystar ya buɗe. Wata dokar Amurka ta 1998 ta mai da ɓalle irin wannan makulli laifi mai zaman kansa. Aka daidaita a kan diyyar kusan dala miliyan 2.7, a watan Disamba kuma kotu ta hana kamfanin wannan sana'a har abada. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Satumba na 2011, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2012.

Saye Ko Haya?

Hausa ta bambanta saye da haya da aro, malaman fiƙihu ma sun bambanta mallakar abu da mallakar amfaninsa. Wanda ya sayi gida yana iya rushe katanga. Ɗan haya kuwa sai abin da mai gida ya yarda. Dokar Amurka ta ba wanda ya mallaki kwafin manhaja haƙƙi biyu: ya sayar da kwafinsa ga wanda ya so, ya kuma yi ɗan gyaran da ya zama dole domin ta yi aiki a na'urarsa. Saboda haka tambayar ita ce, wanda ya biya dala 129 ya fita da faifai a hannu, mai gida ne ko ɗan haya?

A 2010, cikin shari'ar Vernor da kamfanin Autodesk, kotun ɗaukaka ƙara ta kafa ma'auni uku. In mai manhaja ya bayyana cewa lasisi ya bayar, ya taƙaita ikon miƙa ta ga wani, ya kuma gindaya sharuɗɗa masu nauyi kan yadda za a yi amfani da ita, to wanda ya karɓa ɗan haya ne. Da wannan ma'auni aka auna yarjejeniyar Apple a 2011, aka same ta ta cika. Kotu ta ƙara da cewa sharaɗin bai hana kowa rubuta tasa manhajar ko ƙera tasa kwamfutar ba, don haka ba a ce Apple ya wuce gona da iri ba.

Akwai abin dubawa a nan. Duka ma'aunai ukun a hannun mai sayarwa suke, shi ke rubuta takardar, mai saye kuwa sau da yawa ba ya ganinta sai ya biya ya je gida. Tun 1996, a shari'ar ProCD, wata kotun Amurka ta amince da irin wannan yarjejeniya, muddin mai saye yana da damar mayar da kayan in bai yarda ba. Masana shari'a da dama suna sukar wannan matsayi, domin ya ba ɗan kasuwa ikon mai da ciniki haya da alƙalaminsa kawai.

Turai ta bi wata hanya. A shekara ta 2000 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce Microsoft ba zai yi amfani da haƙƙin mallaka ya hana dillali sayar da kwafin da aka tanada don sabuwar kwamfuta shi kaɗai ba. A 2012, cikin shari'ar UsedSoft da Oracle, Kotun Tarayyar Turai ta ce wanda ya biya kuɗi ya karɓi izini marar wa'adi, saye ya yi, ko da takarda ta kira shi lasisi. Sai dai a lura, waɗannan hukunce-hukunce a kan sake sayarwa suke. Ba su ba kowa izinin gyara manhaja ko ɓalle makullinta ba.

Mutum Ɗaya da Ofishin Gwamnati

Daga abin da ya gabata ana iya ware matakai uku. Na farko saɓa yarjejeniya, wanda magana ce tsakanin mutum biyu, maganinta diyya. Na biyu keta haƙƙin mallaka ta hanyar kwafi ko gyara ko rarrabawa. Na uku ɓalle makulli. Ɗalibin da ya ɗora macOS a kan kwamfutarsa ta wani kamfani ya saɓa yarjejeniya babu shakka, kuma yana iya taka mataki na uku, gwargwadon hanyar da ya bi da dokar ƙasarsa. Wanda ya mai da abin kasuwa, kamar Psystar, shi ya haɗa duka ukun, kuma a kan irinsa ne hukuncin ya faɗa. Kyauta ma ba ta sauya hukunci: tun 2013 Apple yake ba da sabbin fitowar manhajar ba kuɗi, amma sharaɗin yana nan.

Ga ma'aikacin gwamnati a Nijeriya maganar ba ta nesa ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, sabuwar dokar 2022 da ta maye gurbinta kuma ta hana ɓalle makullin da mai haƙƙi ya sa. Jami'in da ke karɓar kwamfutoci daga ɗan kwangila, haƙƙinsa ne ya tambayi takardar lasisi, ya duba ko ta dace da na'urar da aka kawo. In an kawo araha da manhajar da ba ta halatta a kan na'urar ba, ofishin ne zai rasa gyara da sabuntawa, shi ne kuma zai amsa tambaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kammalawa

Fasaha tana gab da rufe babin Hackintosh. A 2020 Apple ya fara sa ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa a cikin kwamfutocinsa, a 2025 kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki da ƙwaƙwalwar Intel. Abin da lauya ya tsare, yanzu injiniya ne ke tsaronsa. Amma ƙa'idar da shari'ar ta bari tana aiki a kan wayar hannu da mota da tarakta da na'urorin asibiti, duk inda aka sayar wa mutum ƙarfe aka ba shi hayar manhajar da ke cikinsa. A Amurka takardar mai sayarwa ce ke rinjaye, sai in an tabbatar ya danne kasuwa. A Turai ana duba haƙiƙanin cinikin fiye da sunan da aka ba shi. Ɗaliban da za su zama alƙalai da masu tsara doka, su ne za su zaɓi wadda ƙasarsu za ta bi, kuma ya kamata su zaɓa da sanin abin da kowace hanya ta haifar.