Yaron da Ya Ce Soja Zai Shiga

 

Bara da kaka wani yaro daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar ya same ni a gida, sakamakon NECO na ninke a aljihunsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, soja nake so in shiga." Na ce masa ta wace ƙofa? Ya yi shiru, don bai san ƙofar ta wuce ɗaya ba. Shirun nan nasa ne ya tsayar da ni a gabanku yau.

Ban yi mamakin sha'awarsa ba. Ƙasarmu ta Lautai ta daɗe tana tsaron kanta a tsakanin Damagaram da Haɗeja, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu mazan ƙasar Hausa sun je har Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, lokacin da Hausa ce harshen bariki. Gado ne mai kyau. Amma gado ba ya cike wa yaro fam.

Ƙofar farko tana Zariya, a Dafo, inda ake horar da kurata tun 1924. Ana neman mai shekara 18 zuwa 22, namiji tsawonsa ya kai mita 1.68, ya ci darussa huɗu har da Turanci. Wata shida na gudu da fareti da rashin barci, sai ya fito kurtu, ya soma neman igiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa ta biyu tana Kaduna, makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka kafa a 1964. Ita sai ka rubuta JAMB, kana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Sojan ƙasa yakan yi shekara biyar a can, ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, saje mai furfura ya ƙame ya sara masa.

Ku lura da inda hanyar ta rabu. A aji biyar na sakandare ta rabu, ran da malamin Lissafi ya shigo yaro ya zame ta taga. Wannan shi ya fi damuna, malamai. Ba ƙarfi ko zuciya yaranmu suka rasa ba. Wanda ya wuni yana yankan riɗi a Gagarawa, ko ya koro garke a ƙasa har Maigatari, gudun asuba ba zai karya shi ba. Kiredit ɗaya suke rasawa, kuma ba wanda ya gaya musu tun da wuri cewa kiredit ɗin nan shi zai raba wanda ke ba da umarni da wanda ake ba. Aikin kurtu aikin daraja ne, da shi ƙasar ke tsaye. Abin da nake ƙi shi ne yaron da ke da kan da zai kai shi Kaduna ya tafi Zariya don kawai bai san hanyar Kaduna ba.

Iyaye, ga taku. Fam ɗin shiga kurtu kyauta ne, ta intanet ake cikewa. Na san dattijon da ya kai bijiminsa kasuwar Maigatari wata Alhamis, ya miƙa kuɗin ga wani da ya rantse masa yana da gurbi a hannu. Ba bijimi, ba kaki. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin gurbi, ɓarawo ne, ko da wace riga ya zo.

Sai maganar da ba a son yi. Yaron da ya gama Dafo a yau, babu mamaki ya tsinci kansa a Borno cikin rundunar Haɗin Kai, ko a dazukan Zamfara da Katsina. Mun ji harin da aka kai wa sojoji a Metele cikin Nuwamban 2018. Mun san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya kwanta dama a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016. Anini ma ba ya tare harsashi. Kuma soja ba ci-rani ba ne, da za ka tattara komatsanka ka dawo gida in damina ta faɗi. Ka sa hannu, ka sa ke nan. Wanda ya gudu doka na nemansa. Shi ya sa cikin takardun akwai ta amincewar iyaye. Ina roƙonku kada a mai da ita takardar da kawu zai dangwala wa hannu a bakin shago. A zauna da uwar yaron, a faɗa mata komai, ita ce za ta riƙa kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Duk da haka ban zo in hana kowa ba. Kowace jiha tana da kasonta, Jigawa ma haka, kuma mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin amfanin mai tsaro. Buƙatata ƙarama ce: kowace sakandare a ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Lautai ta gayyato tsohon soja ɗaya daga cikin mazan jiyan da ke zaune a unguwanninmu, ya yi wa 'yan aji huɗu bayani kafin su kai ga jarrabawa. Ya faɗi albashi, ya faɗi fansho, ya faɗi abokan da ya binne.

Yaron nan kuwa, da muka warware takardarsa, Lissafi ne ya kayar da shi. Ya sayar da buhu biyu na zoɓorodo ya yi rajistar sake jarrabawa, yana kuma gudu kowace asuba. Mahaifiyarsa ba ta amince ba tukuna, na kuwa ce masa kada ya cike komai sai ta buɗe baki da kanta ta sa masa albarka.