Sulhun Fadamar Haɗeja Daga Ruwa Zai Fara

Rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma tushensa ruwa ne da ƙasa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya fadama ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka cinye burtali. Saboda haka duk tallafin ƙasashen waje da zai tsaya ga taron bita a otal, bai taɓo ciwon ba.

Wasu za su ce kuɗin baƙo ba ya ɗorewa, ranar da shiri ya ƙare sulhu ya watse. Gaskiya ne, idan baƙon ne ya riƙe ragama. Amma wani aikin raya dausayi da Birtaniya ta tallafa wa ya zaunar da manomi da masunci da makiyayi wuri guda, suka yi gayyar share kacala, har jihohi shida suka kafa asusun kula da kogunan yankin a 2006. Masu tallafi su kawo kuɗi da ƙwarewa, amma shata burtali da biyan diyyar ɓarna su zauna hannun masarauta, arɗaɗɗai da gwamnatin Jigawa.