Izinin Rushe Tsofaffin Gine-gine: Darasi Daga Ƙasar Yawuri



A cikin shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma cinye tsibirai da ƙauyukan Gungawa a ƙasar Yawuri. Mutum fiye da dubu 40 aka sake wa matsuguni. Kafin ruwa ya iso, masana kayan tarihi sun yi ɗan tone-tone cikin gaggawa. Abin da hannunsu bai kai gare shi ba kuwa, yana ƙarƙashin ruwa har yau.

Wannan asara aikin ƙasa ne ya jawo ta, kuma sau ɗaya aka yi ta. Amma akwai wata wadda ake yi kullum, watau rushe ganuwa ko tsohon masallaci ko zauren sarki don a faɗaɗa hanya ko a yanka filaye.

To, me doka ta ce? Dokar kayan tarihi ta 1953 ce ta fara ba hukuma ikon tsare irin waɗannan wurare. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta gaje ta, ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana a rushe ko a sauya duk wurin da aka ayyana sai da izininta. Daga baya dokar tsara birane ta 1992 ta umarci ofisoshin tsara gari su rubuta sunayen gine-gine masu tarihi, kada a taɓa su sai an nemi izini.

Abin lura a nan shi ne, doka ba ta tsare gini don tsufansa kawai, sai wanda aka rubuta sunansa. Ko wanda aka rubuta ɗin ma, in ba mai sa ido, bai tsira ba. Ƙofar Na'isa ta Kano, a 2010 aka rushe ta saboda aikin hanya, alhali ganuwar Kano tana ƙarƙashin tsaron doka.

Saboda haka ya kamata a dubi Birnin Yawuri, tsohon mazaunin sarakuna kafin a koma Yelwa a 1888. Ganuwarsa ta ƙasa ce. Damina tana cinta, garma tana cinta. Ma'aikacin da ke zaune a Wara, hedkwatar Ngaski, in aka kawo masa takardar neman fili, wajibi ne ya fara tambaya: me ke tsaye a wurin, kuma sunansa yana cikin rajista? In babu, ya dakata, ya sanar da fada da hukumar tarihi kafin ya sa hannu.

Ɗalibai kuma, lokacin hutu su ɗauki awo da hoto, su zauna da dattawan garuruwansu su rubuta abin da suka ji. Da irin wannan rubutu ake cika rajista, da rajista kuma ake tsayar da katafila.