Ma'aunin Sabbin Littattafan Hausa

Muhawara kan ƙagaggun labaran Hausa ta yi zafi a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan soyayya na lokacin Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su saboda sun jawo matasa da matan aure ga karatu. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a Kano.

Yau labaran sun koma waya. A wuraren da a da ake hayar littafi, yanzu ta WhatsApp ake karɓarsu, ko a saurari karatunsu. Masu nazari na yaba wa marubuta mata, musamman na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, kan fallasa auren dole da zaluncin cikin gida. Kokensu shi ne ƙarancin tacewa, sakacin ƙa'idojin rubutu, da yawan attajiran birni a cikin labaran. Wannan koken na ƙarshe yana da hujja, domin manomi da gonarsa ba safai suke samun gurbi a labaran ba.