Fuskar Jariri Amana Ce



A wasu jihohin Amurka, ba a yi wa yaro zanen jiki sai iyayensa sun amince. Mu a nan Haɗeja da kewaye, iyayen ne da kansu ke kiran wanzami ranar suna ya yi wa jariri tsagar gado. Da can tana da amfani: ita ce shaidar dangi a zamanin yaƙi da kamun bayi. Wannan zamani ya wuce.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, sashe na 24, ta haramta yi wa yaro zane ko tsaga, ba ta kuma ce yardar uba ta halatta ba. Jigawa ma ta samu dokarta ta kare yara a 2021.

Aska ɗaya a kan jarirai da yawa na iya yaɗa ciwon hanta. Daga Auyo zuwa Guri, inda ambaliya kan datse hanyar asibiti da damina, ƙaramin miki kan zama babbar cuta.

Sarkin aska, liman, mai unguwa, ku ja hankalin iyaye. A yi aski, a raɗa suna, a bar fuskar yaro yadda Allah ya halicce ta.