BASHIN MOTA DA HANYAR TSARE TA DAGA ƘWACE
Jawabi domin Hakimai da Malamansu a Birnin Kano

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin mota ya bambanta da sauran basussuka, domin abin da aka ci bashin saboda shi, shi ne kuma abin da a ke neman kuɗin biya da shi. Ran da aka ɗauke motar, ran nan abinci ya yanke a gidan, biya kuma ya tsaya. Tun da aka hana acaɓa a Kano cikin 2013, matasa da yawa na Dala da Gwale da Yakasai suka koma A Daidaita Sahu, galibinsu kuwa a kan biya kaɗan-kaɗan su ke karɓa. Da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu na 2023, ribar yini ta ragu, masu faɗuwa baya a biya suka ƙaru. Irin wannan ƙara a zauren mai unguwa ta kan fara, kāna ta iso gaban hakimi. Saboda haka ya wajaba hakimi da malaminsa su san abin da doka ta ce.

Yadda a ke a dā

A wannan ciniki, motar ta mai bayarwa ce har ran da aka biya kuɗin ƙarshe. Wanda ya karɓa ɗan haya ne kurum. A dā, in ya saɓa ko da sau ɗaya, mai mota na iya ɗauke abinsa, ya kuma riƙe dukan abin da aka biya. Cikin 1957 aka yi wata shari'a a Jihar Yamma, ta Atere da Amao, inda mutum ya biya fam 995 cikin fam 1,000 na kuɗin babbar mota, aka ƙwace ta saboda fam 5, kotu kuwa ta ba mai mota gaskiya. Irin wannan ne ya sa aka kafa dokar 1965 a kan wannan ciniki, aka yi mata gyara cikin 1970.

Kashi uku cikin biyar

Ga gindin maganar. Idan wanda ya karɓi mota ya riga ya biya kashi uku cikin biyar na jimlar kuɗin, har da kafin alƙalami, to mai mota ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Misali, in jimla naira miliyan 5 ce, iyakar ita ce miliyan 3. Mai motar da ya ƙetare wannan ya yi ƙwace da ƙarfinsa, yarjejeniya ta warware, kuma ana iya binsa dukan kuɗin da ya karɓa. Alƙali kuwa, in magana ta je gabansa, yana da ikon dakatar da mayar da motar, ya yanka wa mai bashi yadda zai biya saura gwargwadon ƙarfinsa.

Amma fa akwai togiya. Gyaran 1970 ya yarda cewa idan biya uku ko fiye suka taru ba a yi ba, mai mota na iya ɗauke ta ya ajiye a wurinsa don kada ta lalace, har kotu ta yanke hukunci. Ajiya ce, ba izinin sayarwa ba. Watau biya na uku shi ne bakin rami, kada a bari a kai gare shi.

Wanda kuwa bai kai kashi uku cikin biyar ba, kariyarsa kaɗan ce. Abin da ya fi masa shi ne ya riga mai mota zuwa, tun ran da ya ga biya zai gagara. In ya tabbata ba zai iya ba sam, doka ta ba shi ikon mayar da motar da sanarwa a rubuce, sai dai ana iya binsa abin da ya taru a kansa da cikon rabin jimlar kuɗin.

Bashin banki dabam ne. A can mafi yawa motar ta mai bashi ce, jingina aka yi da ita, kuma dokar 2017 a kan jinginar kayan da a ke iya ɗauka ita ke aiki, tare da rajistar da ke hannun Babban Bankin Nijeriya. Don haka sai a fara duba takarda a san wane irin ciniki ne.

Aikin hakimi da malaminsa

Na fari, malami ya nemi takardar yarjejeniya da rasit duka, ya jera su, ya yi jimla a gaban mutanen biyu. Sau da yawa direba kan miƙa kuɗi a tashar Ƙofar Wambai ko a bakin Kurmi ba rasit ba shaida, ran gardama kuwa abin da ba a rubuta ba kamar ba a biya ba ne.

Na biyu, hakimi ya nemi sulhu da ya dace da ciniki: a rage biyan mako a ƙara watanni, ko a ɗaga kwanakin da mota ta yi a gareji. A kira wanda ya tsaya wa mai bashi, gama shi ma ana iya binsa. Abin da aka shirya a rubuta, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kofe.

Na uku, a gargaɗi mai bashi kada ya ɓoye motar, kada ya sayar da ita, kada ya kwance kayanta ya kai Ƙofar Ruwa. Yin haka kan mai da maganar bashi ta zama laifin cin amana. A kuma gargaɗi mai mota kada ya turo ƙarti. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kurum.

Na huɗu, in sulhu ya ƙi, hakimi ba ya yanke hukunci a kan mallakar mota. Sai ya tura su kotu, marar ƙarfi kuma a nuna masa Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa cikin 1976.

Mai mota dukiyarsa ya zuba, yana da hakki. Mai bashi guminsa ya zuba, shi ma yana da hakki. Hakimin da ya sa aka yi lissafi tun biya na fari da ya faɗi, ya tsare hakkin duka biyu.

Allah ya ba da ikon riƙon amana, amin.