Jirin Ma'aikaci Ba Kullum Taifot Ba Ne

Shugaban taro, 'yan'uwana likitoci, masu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Ƙorafina tsoho ne, wasunku sun gaji da jinsa. Ma'aikaci ya shigo asibitin kamfani ya ce jiri na ɗibarsa. Kafin ya rufe baki an tura shi gwajin Widal, an ce taifot, an rataya masa ƙarin ruwa, an sallame shi da Stugeron. Babu wanda ya tambaye shi abu guda: yaushe jirin ke zuwa?

Da an tambaya, da yawansu cewa za su yi, "Likita, in na juya a kan gado, ko na ɗago daga sujada, sai masallacin ya juya da ni." Bai kai minti ɗaya ba ya lafa. Wannan daga kunne yake. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin alli da ke taimaka wa jiki ya san tsayuwarsa. Idan suka ɓalle suka faɗa cikin bututun ruwan da ke lura da juyin kai, sai su riƙa kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarya. Tun 1952 Dix da Hallpike suka nuna a Landan yadda ake gano irin wannan jirin: ka juya kan mutum gefe, ka kwantar da shi da sauri, ka dubi idonsa yana rawa. A 1992 John Epley na Amurka ya wallafa yadda ake mayar da ƙwayoyin gurbinsu ta hanyar juya kai daki-daki. Mintuna kaɗan ne a kan gadon duba mara lafiya, babu allura babu ƙwaya, kuma mafi yawansu suna warkewa. Stugeron kuwa barci yake sa ma'aikaci, alhali da asuba zai tsaya gaban injin narka roba.

Ana ce min layi ya yi tsawo, babu lokaci. Ƙarin ruwan awa nawa yake ci?

Na san akwai jirin hawan jini da ƙarancin jini, da na zafin watan Afrilu, da na warin sinadarai a majemu. Wanda jirinsa ya zo da karkacewar baki ko nauyin harshe, a garzaya da shi Asibitin Nassarawa ko na Malam Aminu Kano, don shanyewar ɓarin jiki ake tsoro. Abin da ke ƙona min rai shi ne allurar jentamaisin da ake ɗirka wa mutane a kemis ba bisa ƙa'ida ba. Tana lalata sashen kunne da ke daidaita tsayuwar jiki, kuma sau da yawa ba ya dawowa.

Buƙatata ga masu kamfanoni ita ce ku turo nas-nas ɗinku mu koya musu gwajin Dix da Hallpike da juyin Epley. Wanda kuma jiri ke ɗiba, a ɗauke shi daga kan inji da tsani har ya warke, ba tare da an taɓa masa albashi ba.